Hanyoyin Ƙafa na Kewayen Tafkin Challawa a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin ƙasar Ƙaraye, abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa da ƙofofi. Wannan kuwa daidai ne, domin su ne aka fi samun labarinsu a fada da bakin maroƙa. Amma akwai wani abin tarihi da ya girmi yawancin gine-ginen da ke tsaye a ƙasar, wanda kullum ana taka shi ba a kula da shi, wato hanyar ƙafa. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan hanyoyin da suka ratsa dazuzzuka da fadamu da duwatsun da ke kewaye da tafkin Challawa, da yadda aka samar da su, da abin da zuwan ruwan ya yi musu, da kuma halin da suke ciki.

A wannan ƙasa aka haife ni, kuma a shekarun da na yi ina aikin gwamnati na bi da yawa daga cikin hanyoyin nan a lokacin rangadi, wani zubin a kan babur, wani zubin a ƙasa idan babur ya gaza. Abin da na fahimta shi ne babu wata turba a ƙasar nan da aka yi ta don nishaɗi. Kowace da buƙatar da ta haife ta, kuma wanda ya iya karanta ta zai gane inda mutanen da suke ɗibar ruwa, da inda suke cin kasuwa, da abin da suke tsoro.

Shimfiɗar ƙasar

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna kudu maso yammacin Jihar Kano. Ƙaraye na da faɗin murabba'in kilomita 479, Rogo kuwa 802, kuma ita ce ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A ƙidayar 2006 an samu mutum 141,407 a Ƙaraye, da 227,742 a Rogo. Su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye bisa tsarin da aka yi a 2024.

Ƙasa ce ta tudu da kwari, mai jar ƙasa da marmara a tuddai, da baƙar laka a fadamu. Nan da can duwatsu sun ɓullo, wasu shimfiɗaɗɗun fa da mata ke shanya a kansu, wasu kuma tarin manyan duwatsu ne da suka hau kan juna, da kogo a tsakaninsu. Ba su kai na Rano da Rurum da Riruwai tsawo ba, to amma da yake ƙasar a buɗe take, mutum ba ya buƙatar hawa mai nisa kafin ya hango garuruwa uku ko huɗu. Ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, shi ya sa masara da rake ke yi a nan fiye da yadda suke yi a wajen Ɗambatta ko Kunci, itatuwa ma sun fi kauri. Kogin Challawa ne ya ratsa ƙasar, ya miƙa gabas har ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa, daga nan su zama kogin da ya bi ta Wudil zuwa Haɗeja.

Ire-iren hanyoyin

Bahaushe bai yi wa hanyoyinsa kuɗin goro ba, kowace da sunanta. Mafi ƙanƙanta ita ce turba, wadda faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, shi ya sa mutanen karkara suka saba tafiya a jere, babba a gaba, yara a baya, ana hira ba tare da an kalli juna ba. Turba ba ta miƙewa sambal. Tana kauce wa suri da kututture da gonar da mai ita ba ya son a taka, kuma ko an sare itacen da ta kauce wa, kwanar tana nan shekara da shekaru. Na sha tsayawa a irin wannan kwana in tambaya, sai a ce da akwai wata tsamiya a nan, ko wata rijiya da ta rufta.

Sai gwadabe, wato babbar hanyar da ta haɗa gari da gari, wadda jakuna da takarkarai da mahaya ke bi. Ana gane tsohon gwadabe da abu biyu. Na farko, ya nutse ƙasa da gonakin da ke gefensa, domin kofato da ruwan damina sun daɗe suna cin sa. Na biyu, akwai manyan itatuwan inuwa a kansa, kamar tsamiya da cediya da durumi, a wuraren da matafiya ke sauke kaya su sha fura. Inda aka ga irin waɗannan itatuwa a haɗe kusa da rijiya ko mashigi, sau da yawa zango ne na fatake. A zamanin En'e, share gwadabe aikin gayya ne da dagaci ke kira bayan ɗaukewar ruwa, musamman in an ji hakimi ko Di'o zai fito rangadi.

Na uku shi ne burtali, wanda ya fi sauran muhimmanci a wannan maƙala. Burtali hanya ce ta dabbobi da aka keɓe a tsakanin gonaki, aka shinge ta hagu da dama da aguwa ko bi-ni-da-zugu ko dashi, domin shanu su fita daga ruga zuwa makiyaya da mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. An zaɓi waɗannan itatuwa ne saboda reshensu kawai ake kafawa ya kama, sannan aguwa da bi-ni-da-zugu dabba ba ta cin su. Dattawa sukan ce burtalin kirki shi ne wanda garke biyu za su yi kiciɓis su wuce juna. Idan burtali ya fita daga cikin gonaki ya shiga daji ya zama doguwar hanyar da makiyaya ke bi zuwa kudu da rani su komo da damina, shi ake kira labi. Ƙasar Rogo da Ƙaraye kuwa mashiga ce tsakanin ƙasar Katsina da ta Zazzau, don haka shanun da ke ratsa ta ba na mutanen ƙasar kaɗai ba ne.

Akwai kuma hanyoyin da baƙo ba zai ma gane hanyoyi ne ba, irin na maharba da masu saƙa amya da masu ɗebo sassaƙe. Waɗannan su ne ke hawa duwatsu. Alamarsu ɗan sara ne a jikin itace, ko ƙullin ciyawa, ko duwatsu uku da aka ɗora.

Abin da hanyoyin suka ɗauka

Kafin jihadi da bayansa, Maguzawa da yawa sun zauna a wannan yanki, har yau ma akwai zuriyarsu. Zamansu na gidajen gandu ne a warwatse cikin gonaki, kowane gida da turbarsa zuwa na ɗan'uwansa da zuwa rafi. Wannan ne ya sa ƙasar ta cika da ƙananan hanyoyi kamar saƙar gizo.

A farkon ƙarni na 19, lokacin da malaman Kano suka yi hijira daga mulkin Sarki Alwali, a Kwazazzabon 'Yar Kwando suka taru, yamma da birni, kuma Ƙaraye na cikin manyan garuruwan farko da suka faɗa hannunsu. Daga baya garin ya zama ɗaya daga cikin masu tsare Kano ta yamma, a zamanin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari. A irin wannan lokaci dutse mafaka ne kuma wurin tsinkaye. Hanyar da ta hau shi takan zama siririya mai kwana-kwana da gangan, yadda doki ba zai iya bin ta ba.

Amma abin da ya fi cin ƙasar waɗannan hanyoyi shi ne fatauci. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincikensa na digirin digirgir a 1975 a kan sana'ar rini a ƙasar Kano a ƙarni na 19, kuma garuruwan wannan yanki irin su Zarewa da Beli da Fulatan da Rogo suna cikin waɗanda suka yi suna a rini da bugu. Mai karatu ya auna abin da marina ɗaya ke buƙata: baba daga gona, toka da itace daga daji, zare da fari daga masaƙan ƙauyuka, ruwa daga rafi, sannan a kai wa mabuga, a naɗe, a ɗora wa jaki zuwa kasuwa. Duk wannan a ƙafa aka yi shi. Har yanzu wanda ya bi tsohon gwadabe yakan tarar da bakin karofi a gefen gari, ramukan sun cike da ƙasa, sai da'irar katsi da ta yi tauri ta rage. A ganina duk wanda ke son ya nuna wa ɗalibai girman masana'antar Kano ta da, ya fi kyau ya bi da su wannan hanya a ƙasa da ya tara su a aji.

Zuwan ruwa

Aikin madatsun ruwa a Jihar Kano ya kankama ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A lokacinsa aka yi Bagauda da Tiga, ƙasar Ƙaraye ma ta samu ƙaramin dam na Kusalla, inda sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima yake. Babban dam na Challawa kuwa, wanda jama'a ke kira Challawa Goje, an gina shi ne tsakanin 1990 da 1992, kusa da Turawa, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya yi aikin, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Tsayin bangonsa mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 904 daga ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 3,857. Idan ya cika yakan rufe kimanin murabba'in kilomita 100. A jihar, Tiga kaɗai ya fi shi.

An yi rubuce-rubuce a kan gonaki da gidajen da ruwan ya ci, da mutanen da aka tayar. Abin da ba a cika ambata ba shi ne hanyoyi. Kogin Challawa na da, da rani yashi ne da 'yan ƙududdufai, ana ratsa shi a ƙafa a mashigai da kowa ya sani. Ƙauyen wannan gaɓa da na waccan gaɓa kasuwarsu ɗaya, suna auratayya, suna zuwa jana'izar juna su komo kafin azahar. Da ruwa ya taru, mashigan nan suka nutse gaba ɗaya. Tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba ta koma ta kwale-kwale ga mai kuɗin fito da ƙarfin hali, ko kuma dogon zagaye a mota. Na san gidajen da zumuncinsu ya yi sanyi ba don wani saɓani ba, sai don tsohuwa ba ta iya shiga jirgi.

Burtali ya fi kowa shan wahala. Mutum yana iya shiga kwale-kwale, garke kuwa sai ya zagaya. Labin da ya saba ratsa kogi ya tarar da ruwa a gabansa, dole ya bi gaɓa, gaɓar kuwa ita ce wurin da manoman da aka tayar suka koma, kuma ita ce ta fi kowane wuri daraja saboda noman rani. Ga fadamun da shanu ke samun ɗanyar ciyawa a cikinsu da bazara sun tafi ƙarƙashin ruwa. Wato an ƙara ruwa a ƙasar, amma isa gare shi ya ƙara wuya ga dabba.

Akwai wani abin lura da ke faruwa duk shekara. Da yake ana sakin ruwa da rani domin mutanen ƙasa, tafkin yakan ja da baya, a wasu wuraren da nisa sosai. A lokacin ne tsofaffin hanyoyi ke fitowa. Za ka ga turba ta gangaro daga tudu ta shiga cikin laka ta nufi ruwa kai tsaye, kamar ba ta san an yi dam ba, ga kututturan itatuwan da suka yi mata inuwa a jere. Wanda ya san ƙasar kafin 1990 zai iya nuna maka inda za ta ɓulla a ɗaya gaɓar.

Abin da mai tattaki zai gani

Wanda ke son ya san ƙasar, ya fara daga bakin ruwa da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Ya yi musu Allah ya ba da sa'a, ya tambayi hanya, domin su suka fi sanin inda laka ke riƙe ƙafa. A nan zai ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, da hunturu kuma har da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi ɗari a nan su koma. Sai dai kada sha'awa ta sa shi shiga ruwan gefe mai ciyawa, saboda a nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama, cutar da ta daɗe tana damun yaran garuruwan da ke bakin madatsun ruwa.

Daga gaɓa sai fadama. Inda ba a nome ba, fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, kore shar tun daga saukar ruwa har kaka. Inda aka nome kuwa, rake ne da tumatir da albasa da attarugu, da ƙarar injin ban-ruwa. A lokacin yin mazarƙwaila ƙanshinta kan riga hayaƙin isowa. A nan turba takan bi kan kunya ko gefen lambatu, kuma ladabin wurin shi ne a yi wa mai lambu sannu da aiki, a nemi izini kafin a ratsa.

Idan aka hau tudu sai gonakin damina, waɗanda baƙo zai ɗauka daji ne saboda yawan itatuwa. Babu itacen da ya tsaya a nan da ka. Manomi ne ya bar ɗorawa saboda kalwa da garin ɗorawa, ya bar kaɗanya saboda mai, kuka saboda miya, kanya da ɗinya saboda 'ya'ya, gawo kuwa saboda yana zubar da ganye da damina, bai hana shuka rana ba, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Kowane itace da mai shi, wani lokaci ma mai itacen daban, mai gonar daban, abin da ya sha kai 'yan'uwa gaban alƙali wajen rabon gado. Matafiyi na iya tsintar abin da ya faɗo ya ci, amma ba ya hawa ya kaɗo.

Ainihin daji sai a gindin duwatsu da bakin ƙoramu, wuraren da garma ba ta shiga. A nan ake samun marke da taramniya da ƙirya da taura da gwandar daji da faru, da sarƙaƙiya a ƙarƙashinsu, sai gamba da kyasuwa da ke fin mutum tsawo a ƙarshen damina. Manyan namun daji sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage zomo ne da kurege da guza da damo, da fakara da zabin daji, sai birai a wasu duwatsun. Hawan kansa ba shi da wuya ga mai lafiya, in dai ya guji santsin fa bayan ruwa, ya kuma kula da inda yake sa hannu saboda kunama da maciji. A kan wasu duwatsun akan ga 'yan ramuka masu santsi a jikin fa, inda mutanen da suka yi niƙa, da fasassun katanga a cikin kogo. Roƙona ga duk wanda ya gan su shi ne ya bar su a inda suke, domin katangar da aka ɗauke daga wurinta ta rasa rabin labarinta. Daga sama kuwa ana ganin tafkin ya miƙa 'yan yatsu cikin kowane kwari, kuma a nan ne mutum zai gane da idonsa yadda ruwan ya yanka hanyoyi.

Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne daga Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta bushe ba, ƙura ba ta sauko ba, ga amfanin gona a ko'ina. Da marka ƙoramu kan cika cikin ɗan lokaci, ciyawa ta rufe turba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, duk wanda bai sauko daga dutse kafin hantsi ya ɗaga ba zai gane kurensa. Mai matsakaiciyar tafiya yana cin kilomita 4 a sa'a a miƙaƙƙiyar hanya, don haka tsawon bangon dam kaɗai tafiyar kusan sa'a biyu ce, shi ma sai da izinin ma'aikatan da ke tsaron wurin. Haka kuma, ganin yadda matsalar tsaro ta addabi dazuzzukan jihohin maƙwabta a shekarun nan, baƙo ba ya shiga daji sai ya fara zuwa ƙofar mai unguwa ya ce, ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da ni. Shi zai haɗa shi da ɗan gari. Wannan tsohuwar al'ada ce, yanzu kuma ta zama dole, domin mutane na da dalilin zargin duk fuskar da ba su sani ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A ƙasar Suwizalan akwai wani dutse mai suna Rigi, tsayinsa kimanin mita 1,800, tafkuna sun kewaye shi, ciki har da na Luzan. Tun 1871 aka kai jirgin ƙasa kansa, amma har yau jama'a na hawan sa a ƙafa ta cikin dazuzzuka da makiyayar shanu. Da yawa daga irin waɗannan hanyoyi asalinsu na makiyaya ne da ke hawa da dabbobi da bazararsu su sauko kafin ƙanƙara, wato labi ne irin namu. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu. Ƙasar na da kimanin kilomita 65,000 na hanyoyin tattaki masu alama, rawaya ga mai sauƙi, fari da ja ga ta dutse, kuma a 1985 aka yi dokar tarayya da ta wajabta a zana su a taswira, in kuma wani aiki ya ci ɗaya a samar da madadinta. Da akwai irin wannan sharaɗi a nan a 1990, da an tsara wa shanu hanyarsu tun kafin ruwa ya taru.

A Ingila sai da aka yi rigima. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka haura tsaunin Kinder Scout da gangan, inda masu ƙasa suka hana shiga, har aka ɗaure wasu daga cikinsu. A 1949 aka yi dokar da ta sa ƙananan hukumomi su zana taswirar hanyoyin ƙafa. Hanyar da ta shiga wannan taswira, ko ta tsakiyar gonar wani ta bi, ba shi da ikon toshe ta.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce mu kwaikwayi yawon Turawa ba. Talakan Ƙaraye da ya wuni yana tafiya don neman abinci ba ya buƙatar a koya masa tattaki. Abin ɗauka shi ne hanya dukiya ce ta jama'a, kuma dukiyar da ba a rubuta ba, mai ƙarfi ne ke cinye ta.

Halin da burtali ke ciki

Mu ma muna da doka. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma kuma ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya a 1998. Amma abin da ke tsare burtali a ƙauye tun asali idon dagaci ne da na mai unguwa da Arɗo, da kunyar da manomi ke ji a ce shi ya ci hanya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar mallakar ƙasa ta 1978 sun ɗauke ikon ƙasa daga hannun sarakuna suka ba gwamna da ƙaramar hukuma. A 1979 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, sai dai a nawa ganin tun daga lokacin hukuma ta rage damuwa da sanin yawan shanu da inda suke bi, tunda ba ta da abin karɓa a kansu. Ga takin zamani ya shigo. Da, manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya ba shi dammunan hatsi saboda taki. Da wannan buƙata ta ragu, sai maƙwabtakar ta koma ta haƙuri kawai.

Cin burtali ba a rana ɗaya ake yin sa ba. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi a sare shinge a ce ya tsufa, a kafa sabo taku biyu a ciki. Na gefe ya ga ba a ce komai ba, shi ma ya matso. Na taɓa zama a wani sulhu inda wani dattijo ya dubi mai gonar ya ce masa, ɗana, a nan ni da mahaifinka muka tsaya shanu suka wuce mu ba su taɓa mu ba, yau ko jaki da mangala ba zai wuce ba. Mai gonar ya ce, Baba, ni haka na gada. Kuma da gaskiyarsa, domin ba shi ya fara ba. Idan hanya ta kai haka, saniya ba ta da zaɓi sai ta taka shuka, daga nan sai sanda, sai ofishin 'yan sanda, wani lokaci har a rasa rai. An yi ƙoƙarin tsugunar da makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke ƙasar Ƙiru a zamanin Gwamna Ganduje, amma makiyaya komai kyanta, sai da hanyar da za a bi a shige ta a fita.

Aikin da nake ganin ya dace da Hukumar Tarihi da Al'adu tare da masarauta da ƙananan hukumomin biyu ba mai tsada ba ne. A ɗauki gunduma ɗaya, alal misali Turawa, tunda ita ce a bakin dam. A haɗa dagaci da Arɗo da Sarkin Ruwa da Sarkin Baka da dattawa biyu ko uku, da ɗalibi ɗaya mai wayar da ke nuna taswira. A bi kowace hanya a ƙasa, a rubuta sunanta da inda ta fito da inda ta nufa, a auna faɗin burtali a yau, a kuma rubuta faɗin da dattawa suka shaida, da sunan kowane mashigi da mashaya da zango da karofi da kufai da ke kanta. A ajiye kwafi a fada, da ƙaramar hukuma, da Gidan Ɗan Hausa. Inda aka yi ittifaƙi a kan iyaka, a sake kafa aguwa, domin ta fi turken siminti daɗewa kuma ba mai sace ta. Daga cikin hanyoyin da aka rubuta ne za a zaɓi biyu ko uku masu hawa dutse su gangaro bakin ruwa, a yi musu alama saboda 'yan makaranta da masu yi wa ƙasa hidima da ke zuwa Kusalla, samarin garuruwan su zama 'yan rakiya a biya su.

Sashen da ruwa ya ci shi ya kamata a fara da shi. Wanda yake da shekara 30 lokacin da aka fara ginin dam a 1990, yanzu ya haura 60, waɗanda kuwa suka yi fatauci da jaki ta mashigan Challawa sun fi haka nesa, kuma kullum raguwa suke yi. Watannin da suka dace su ne Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya ƙwarai, a fita da su da sanyin safiya su tsaya a bakin laka su nuna da sanda.